Sharhi: Kuɗi sun ƙaru a wasan barkwanci, dariya ta ragu

Ba a taɓa zuba wa wasan barkwanci na dandamali kuɗi kamar na shekaru goman nan ba, amma ƙorafin masu kallo sai ƙaruwa yake yi. Wasan da ake nufi shi ne wanda mutum ɗaya zai tsaya da makirufo ya riƙe jama'a tsawon sa'a guda, a naɗa a bidiyo, a sayar. Masu kallo da yawa na cewa sukan kai ƙarshen shiri ba su tsinci abin da za su maimaita wa abokin aiki washegari ba.

A 2016 rahotanni suka ce Netflix ya biya Chris Rock dala miliyan 40 kan shiri biyu, Dave Chappelle kuma dala miliyan 60 kan shiri uku. A 2017 kamfanin ya riƙa sakin sabon shiri kusan kowane mako. Nan matsala ta farko take. Barkwanci mai kyau sai an gwada shi a ƙananan wurare dare bayan dare, a zubar da abin da bai kama ba, kafin ya nuna. George Carlin ya yi wa tashar HBO shiri 14 ne tsakanin 1977 da 2008, wato kusan ɗaya a duk shekara biyu. Wanda kwangila ta ɗaure shi da wa'adi kuwa yakan sauke tukunya tun abinci bai dahu ba.

Ta biyu ita ce wayar hannu. Abin da ke yawo a TikTok da Instagram guntun minti ɗaya ne, don haka matasan 'yan barkwanci suka koma tsokanar na layin gaba: me kake yi, wannan matarka ce? Hakan na jawo mabiya, amma bai koyar da yadda ake gina labari mai tsawo. Manyan kuma sun gano cewa rigima ta fi raha kasuwa. Shirin Chappelle na Oktoban 2021 an fi tuna shi da zanga-zangar ma'aikatan Netflix, na Chris Rock na Maris 2023 kuma da martaninsa kan marin da Will Smith ya yi masa.

A Najeriya ciwon ya ɗauki wata kama. Lokacin da Opa Williams ya fara Nite of a Thousand Laughs a 1995, ƙarfin sana'ar yana hannun talakan da ke sayen tikiti da faifai. An kuma san Ali Baba da zolayar Shugaba Obasanjo a gaban idonsa. Yau manyan wasannin Legas da Abuja a ɗakunan taron otal ake yin su, ribarsu kuma na fitowa daga teburan da ake sayarwa kan miliyoyin naira. Masu sayen teburan su ne bankuna da 'yan kwangila da masu riƙe da muƙamai. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: sai a kwashe rabin dare ana kiran sunayen manyan baƙi, a cike ragowar da waƙa da tsoffin zolayar ƙabilu da mata da masu naƙasa, waɗanda ba su da tebur balle su rama.

Akwai kuma tsoro. An sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama masu suka kafin a yi masa gyara a 2024. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu kan bidiyon da suka zolayi gwamnan lokacin. Duk mai rubuta barkwanci ya ga wannan, ya kuma san inda zai tsaya.

Asarar ba ta masu neman nishaɗi kaɗai ba ce. Fadojin ƙasar Hausa sun ajiye wawan sarki ne domin akwai maganar da waziri ba zai iya faɗa ba, sai a bakin wanda aka yi wa lamunin wasa. Minista da ke kewaye da masu cewa "ranka ya daɗe" ba shi da wurare da yawa da zai ji yadda tsadar mai da kuɗin mota ke cin albashi. Dandamalin barkwanci na cikinsu, kuma idan ya koma wurin kirari, wannan kafar ta toshe.

Hadiman da ke tsara bukukuwan ma'aikatu su ne ke zaɓar wanda za a gayyata, su ne kuma ke raɗa masa abin da ba a so ya taɓa. A watan Disamba, lokacin liyafar ƙarshen shekara, wannan raɗar ce za ta nuna ko maigida zai ji wata gaskiya cikin raha, ko kuwa za a sake biyan miliyoyi don a kira sunansa a tafa.