Umarnin da ya rayu bayan mai shi

A watan Yulin 1992 aka fitar da Tosca daga gidan wasa, aka kai ta titunan Roma. Wannan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi daga farko har ƙarshe, Giacomo Puccini ne ya tsara ta, aka fara nuna ta a 1900. Masu ɗaukar fim ɗin suka bi wuraren da labarin ya ambata, a sa'o'in da ya ambata: kashi na farko da rana tsaka a cocin Sant'Andrea della Valle, na biyu da dare a fadar Farnese, na uku washegari da asuba a saman ganuwar Castel Sant'Angelo. Kai tsaye aka watsa shi a talabijin, Zubin Mehta yana jagorantar makaɗa daga wani wuri daban.

Labarin na shekarar 1800 ne. Scarpia, shugaban 'yan sanda, ya kama mai zane Cavaradossi saboda ya ɓoye fursunan siyasa. Ya ce wa masoyiyar Cavaradossi, mawaƙiya Tosca, idan ta ba shi kanta zai sa a yi wa Cavaradossi harbin bogi maimakon a kashe shi. Ta amsa, ya rubuta musu takardar fita gari, ta daɓa masa wuƙa.

Kashi na uku shi ne wanda ya tsaya mini a rai. Catherine Malfitano, wadda ta fito a Tosca, tana koya wa Plácido Domingo, wanda ya fito a Cavaradossi, yadda zai faɗi idan an harba, da yadda zai kwanta shiru har sojoji su tafi. Murna take yi. Aka harba, ya faɗi, har tana yaba iya faɗuwarsa. Da ta je ta tashe shi sai ta tarar da gawa. Masu neman ta na hawowa, ta kira sunan Scarpia, ta ce sai sun haɗu gaban Allah, ta faɗa daga ganuwar.

Mutane sukan kalli wannan a matsayin ƙarshen soyayya. Ni abin da kyamara ta nuna mini a hasken asubar nan shi ne sojojin. Maigidansu ya kwana a mace, ba su sani ba, kuma ko sun sani, wa zai soke umarnin? Sun jera, sun harba, sun juya kamar masu tashi daga aiki. Tosca ta ɗauka kashe azzalumi ya wadatar, alhali ya riga ya raba zaluncinsa ga mai rubuta suna, mai riƙe mabuɗi da mai ɗana kunama, kowa yana cewa aikinsa kawai yake yi. Takardar da ta dogara da ita ma hannun Scarpia ne ya rubuta ta.

Duk wanda ya samu fim ɗin, ya kalli kashi na uku sau biyu. A karo na biyu ya bar Tosca, ya zuba wa masu bindigar ido.