Ritaya a Grenoble, Gona a Dandume

Akwai wani buri da ake yawan ji a bakin manyan ma'aikata 'yan asalin Funtua da Malumfashi: da zarar shekara 35 ta aiki ta cika, sai a tattara a koma ƙasar waje. Wasu Dubai suke hange, wasu Alƙahira. Waɗanda 'ya'yansu suka yi karatu a Faransa kuwa sukan ambaci birane irin Grenoble, wanda ke kwance a tsakiyar tsaunukan Alps, ga asibiti nagari, ga wutar da ba ta ɗaukewa. Burin yana da daɗin ji, amma lissafinsa gurgu ne, kuma akwai butulci a cikinsa.

A fara da lissafin. Faransa ba ta ba baƙo bizar dogon zama sai ya nuna kuɗin da zai riƙe kansa da inshorar lafiya, ya kuma yi alkawarin ba zai nemi aiki ba. Fansho kuwa da naira ake biya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance; a 2024 ta haura 1,500. Me zai cike wannan giɓi? Gonar gado. Ko a sayar da ita, ko a ba da hayarta, masarar Dandume da audugar Bakori su riƙa biyan kuɗin ɗaki a Turai.

Jin daɗin Grenoble ma ba daga sama ya faɗo ba. Mutanensa ne suka zauna suka juya ruwan tsaunuka ya zama lantarki tun ƙarni na 19, suka kafa masana'antu da jami'a, har birnin ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu a 1968. Mai ritayar da ya je can girbin shukar wasu zai ci, alhali tasa gonar ta zama saura.

Kudancin Katsina kuwa ya san darajar ƙwararru. A Funtua aka fara ɗaya daga cikin ayyukan raya noma na farko na Bankin Duniya a Najeriya, a 1975. 'Ya'yan manoman yankin sun yi karatu kusan kyauta a makarantun gwamnati da Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan bashi ne, kuma shekarun ritaya ne lokacin biyansa: likita a asibitin Malumfashi, akawu a ƙungiyar manoma, injiniya a madatsar Mairuwa.

Za a ce ai babu tsaro. Gaskiya ne. An sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, kuma manoma a Faskari da Sabuwa sun sha biyan 'yan bindiga kafin su yi girbi. Ba a ce kowa ya kwana a daji ba. Cikin garin Funtua ma gida ne. Amma ciwon da ya tsaya kan talaka kaɗai ba ya samun magani da wuri. Tsohon babban sakatare yana da lambar gwamna, manomin Sabuwa ba shi da ita. Duk lokacin da mai irin wannan lamba ya hau jirgi, yankin ya yi asarar bakin da hukuma ke saurara.

Kowa yana da 'yancin zaɓar inda zai tsufa. Sai dai wanda ya zaɓi Grenoble ya daina aiko wa Funtua nasiha ta WhatsApp.