WA YA SA HANNU AKA CANJA AIKINMU?

 Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙofar gida ko a gindin inuwa, don maganar ta kowa ce.

Zaɓe ya matso. Kwanan nan za ku ga motoci da lasifika suna ta da ƙura, kowa yana cewa zai kawo ruwa, zai yi hanya, zai gina asibiti. To, alkawari ba shi da wuya, dasa harsashi ma ba shi da wuya. Abin da ke kashe aikin gwamnati yana zuwa ne bayan an watse daga biki: a canja nan, a rage can, a ƙara kuɗi, ba rubutu, ba sa hannu, ba wanda za a kama. A kan wannan muke so mu yi magana da ku.

Ba sai mun je nesa ba, ga madatsar ruwa ta Zobe nan a ƙasar Dutsin-Ma, a kan kogin Karaduwa. An gama gina ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawonta ya kusa kilomita 3. Don abu biyu aka yi ta: ruwan sha da noman rani. Amma sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe. Ku lissafa da kanku, shekara 38 ke nan! Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka gama dam ɗin, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, wani ma har ya aurar, sannan aka buɗe aikin.

Me ya faru a tsakani? A ranar ƙarshe ta 1983 soja suka karɓi mulki. A 1987 aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Daga Shagari zuwa dawowar Buhari, gwamnati goma aka yi a ƙasar nan. A 1983 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, a 2021 kuwa sai ka ba da fiye da naira 400 kafin ka sami dala ɗaya. Ka ga kuwa kuɗin bututu da na inji ba za su tsaya inda suke ba. Ashe canji dole ne, ba wanda ya isa ya hana shi. Abin da ake iya hanawa shi ne canjin da ba shi da uba.

Masu sanin tafiyar da manyan ayyuka sun kasa matsalolin aiki gida uku. A Ingila ma, cikin tsarin da gwamnatinsu ta fitar a 1996 mai suna PRINCE2, haka aka kasa su. Kada sunan ya ba ku tsoro, duk wanda ya taɓa sa magini aiki ya san su.

Na farko, NEMAN CANJI. A ce an ba da kwangilar aji biyu a makarantar garinku, sai aka ga yara sun yi yawa, aka ce a mai da shi uku. Ko an zana hanya ta bi gabas, wani ya ce ta bi yamma. Wannan ba laifi ba ne, wani lokaci ma gyara ne. Amma a tambaya: wa ya nema? Don amfanin wa? Nawa zai ƙara? Wa zai biya? In hanya ta karkace don ta bi ta gonar wani babban mutum, ai kun san ba don ku aka karkata ta ba.

Na biyu, SAƁA ƘA'IDA. Wato abin da aka rubuta daban, abin da aka yi daban. An rubuta siminti buhu goma, an zuba shida an cika da yashi. An rubuta rodi mai kauri, an sa siriri. An ce a haƙa rijiyar burtsatse har a cimma ruwa mai ɗorewa, an tsaya a na sama, da bazara ta yi sai ta ƙafe. Nan ba a neman ƙarin kuɗi. Ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗin aljihunsa, ko kuwa, in an yarda a karɓi aikin haka, a rage masa kuɗi, a kuma rubuta dalili. Babbar dabarar macuta ita ce su sa wa saɓa ƙa'ida rigar neman canji, a biya su sau biyu a kan ɓarnar da suka yi da hannunsu.

Na uku, DAMUWA, wato matsalar da ta taso ko aka hango tana tafe. Ruwan sama ya yanke hanyar kai kaya. Siminti ya yi tsada. Manoma sun ce ba a biya su diyyar gonakinsu ba. Irin wannan ita aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi haɗari. Ku tuna da Bakolori, kusa da Talata Mafara, a kan kogin Sakkwato. Manoma sun daɗe suna kuka a kan gonaki da diyya, har suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayukan talakawa. Kukan da za a share da takarda da alƙalami, aka bar shi ya kai ga bindiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, mene ne magani? Abu biyar ne, a jere kamar yatsun hannu.

Ɗaya, a rubuta. Kowace matsala ta shiga littafi, da ranar da aka kawo ta da sunan wanda ya kawo.

Biyu, a auna. Injiniya ya duba ya faɗi abin da za ta ci na kuɗi, da na lokaci, da na ingancin aiki.

Uku, a kawo shawara, kuma ba guda ɗaya tak ba, don a sami zaɓi.

Huɗu, a yanke hukunci. Wanda doka ta ba iko shi zai yanke, ya sa hannu da sunansa. Ƙaramin canji mai duba aiki ya isa, babba kuwa sai an kai sama. Ba a yin sa ta wayar tarho da tsakar dare.

Biyar, a aiwatar, a dawo a duba an yi ko ba a yi ba, sannan a rufe maganar.

Wani zai ce, haba, ai wannan jan aiki ne, takardu za su jinkirta mana aiki. Muna tambayarsa: wane jinkiri ne ya kai na shekara 38? Ko a kasuwar Dutsin-Ma, in aka yi cinikin sa, aka sallama, mai saye ba ya dawowa da dare ya canja farashi shi kaɗai. Sai an kira dillali da shaidu. In a kan sa guda ana neman shaida, ina ga aikin miliyoyin naira na dukiyar jama'a? Tun ran gini ake zane.

Kuma ku sani doka tana bayanku. A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jihar nan, ya sa hannu a kan dokar ba da kwangilar gwamnatin tarayya, wadda ta kafa hukumar da ke sa ido a kan yadda ake ba da kwangila. A 2011 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar 'yancin samun bayani. Da ita kowane ɗan ƙasa zai iya rubuta wa ofishin gwamnatin tarayya ya nemi bayani, doka kuma ta ce a ba shi amsa cikin kwana 7. Amma doka a cikin akwati ba ta tsare kowa, sai an zaɓi mutanen da za su yi aiki da ita.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, na kansila ne ko na majalisa ko na gwamna, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, sannan ku yi masa tambaya huɗu:

Shin za ka kafa allo a bakin kowane aiki, da Hausa, mai nuna sunan ɗan kwangila, da kuɗin aikin, da ranar gamawa?

Shin in an canja aiki ko an ƙara masa kuɗi, za a sanar da mu dalili da sunan wanda ya sa hannu?

Shin akwai littafin koke da mai unguwa da dagaci da mata da samari za su iya shigar da kukansu, a ba su amsa?

Shin za ka ƙarasa aikin da ka tarar, ko da ba jam'iyyarku ta fara shi ba?

Wanda ya amsa a gaban jama'a, ku riƙe maganarsa, ku sa malamin makaranta ya rubuta ta da kwanan wata. Wanda ya yi ta kwana-kwana, ya miƙo sabulu da atamfa, to ku san sabulu yana ƙarewa a mako guda, kwalbatin da ya rufta kuwa kowace damina kuna tare da shi.

Iyayenmu mata, ku ne kuke ɗaukar tulu. Manoma, ku ne kuke kallon ruwa kwance gonakinku a bushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar zaɓe ku fito da sassafe da katinku, ku ba da ƙuri'arku ga wanda ya yarda a kama sunansa a kan takarda.

Allah ya ba mu shugabanni masu amana, ya ba mu damina mai albarka. Amin.