Idan Al'ada Ta Ɗauke Kafin Shekara 40

Yarinya mai shekara 28 al'adarta ta fara tsallake watanni, gumi yana jiƙa ta sharkaf cikin dare, sai gida ya ɗauka ciki ne. Da aka ga ba ciki, sai a koma zancen sammu ko aljanu. Mai yiwuwa ma'ajiyar ƙwan haihuwarta ce ta daina aiki da wuri, kuma hakan yana samun kusan mace 1 cikin 100 kafin shekara 40. Wani lokaci maganin cutar daji ne sanadi, wani lokaci gado, amma galibi ba a gano dalili. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun taƙaita maganar a kan haihuwa: gorin dangin miji, barazanar kishiya, laƙabin juya. Ba mai tambayar ƙasusuwanta, alhali ƙarancin sinadarin istirojin da matsalar ke jawowa yana raunana su, yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya. Kuɗin da ake zubarwa wurin masu hayaƙi ya isa a yi mata gwajin jini na FSH a wurin likitan mata, a ɗora ta a kan maganin maye gurbin istirojin har zuwa wajen shekara 50.