RA'AYINMU: A Kai Koyon Aikin Ungozoma Kusa Da Gida

Jama'a, aikin ungozoma ba a kan allo ake gama koyonsa ba. Komai yawan karatun da yarinya ta yi a aji, tilas ta tsaya a ɗakin haihuwa, ta taɓa ciki ta gane kwanciyar ɗa, ta karɓi haihuwa da hannunta, babbar ungozoma na tsaye a kanta, kana a sa mata hannu a littafin aikinta. In littafin nan bai cika ba, babu takardar shaida.

To, a nan ne 'yar ƙauye ke shan wuya. Asibitocin da ake tura ɗalibai koyon aiki galibi a birane suke. 'Yar manomi, ko matar aure mai goyo, ina za ta sami kuɗin mota da na haya da na abinci? Ina za ta kwana ran da aikin dare ya faɗo kanta? In ma ta je, sai ta tarar ɗalibai sun yi cincirindo a kan mai naƙuda guda. Wadda ta gaza ta koma gida hannu rabbana. Wadda ta jure kuwa ta saba da birni, ƙauye ya yi asararta.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kaɗai cikin 100 ake yi a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2020 saboda ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in na duniya duka.

Mahukunta ba za su ce ba su san hanya ba. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta soma tura ungozomomi asibitocin karkara, amma da yawa suka gudu saboda rashin masauki da jinkirin biya. Daga 2012 wani shiri da Ingila ta ba kuɗinsa ya ɗauko 'yan matan ƙauye a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya shirya su suka shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa alkawarin za su koma garuruwansu. Baƙuwa takan tafi, 'yar gari ita ke zama.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a gyara babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, a sa ruwa da wuta, ya zama wurin koyon aiki. Na biyu, a ajiye ƙwararriyar ungozoma a can don koyarwa, gama tura ɗaliba inda babu mai duba ta ganganci ne da ran uwa da ɗa. Na uku, a ba ɗalibai ɗakin kwana da kuɗin guzuri. Sai koyon haihuwa mai gardama, irin ta fiɗa, ya kai su birni, na ɗan lokaci.

In sun ce babu kuɗi, mu tuna musu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun lafiya a matakin farko, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 nasa don horar da ma'aikata. Gwamnoni su fito su gaya wa talakawa nawa aka kashe kan 'ya'yansu.

Matan masu mulki ba a bayan amalanke suke naƙuda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun faɗa, kuma ba za mu yi shiru ba sai mun gani a ƙasa.