An hana ƙwayar a Indiya, amma mai sha yana cikin gidanmu

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Indiya ta hana haɗa tapentadol da carisoprodol cikin ƙwaya guda, bayan binciken BBC ya nuna ana turo ta Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Tun a 2018 Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Matakai ne masu kyau. Sai dai mu da ke Maradi da Damagaram mun ga yadda abin yake tafiya: a matsa wa tiramol, wata ƙwayar ta maye gurbinta. Jami'an OCRTIS suna kama kaya a hanya, amma yaron da jikinsa ya riga ya saba yana nan a zaurenmu.

A nan iyaye suke kuskure. Uba ya fusata ya kore shi, uwa ta tsine masa, ko a kai shi inda za a sa masa mari. Mun ji abin da ƴan sanda suka tarar a irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane a tsare, wasu cikin sarƙa. Wannan ba tarbiyya ba ce.

Buhari ya ruwaito labarin wani Sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a raba shi da jama'a ba. Ita kanta giya a hankali aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Mu kuwa muna son ɗanmu ya daina a dare ɗaya.

Ƴan uwa, tiramol dangin ofiyom ne. Wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke farat ɗaya sai zufa ta karyo, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi da rashin barci na kwanaki. Da yawa wannan azabar ce ke mai da su, ba taurin kai ba. Yawan shansa kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, abin da wasu ke ɗauka aljanu ne. Ruƙiyya da addu'a suna da gurbinsu, ni ma ina yi, amma rage ƙwayar aikin likita ne. A kai shi asibiti, wani babba ya raka shi.

Bayan haka sai doguwar tafiya. Kada a ba shi kuɗi a hannu, a saya masa abin da yake buƙata. A raba shi da majalisar da yake zama. In ɗan kabu-kabu ne ko lebura, wanda ya fara sha don ya jure gajiya, a sassauta masa aikin. In ya koma, a sake ɗaukarsa zuwa wurin likita, ba a rufe masa ƙofa.

Ina ba kwamitocin masallatai shawara su ware wani kaso na sadakar Juma'a don kuɗin mota da na magani ga irin waɗannan gidaje, a ba uwar yaron a asirce, kada a ambaci sunan kowa a lasifika.