Malafar Jamusawa Da Kilishin Lafiya

A kudu maso yammacin Jamus akwai wata ƙasa mai duwatsu da kurmi, wadda ake kira Schwarzwald, watau Baƙin Daji. A can ne matan ƙauyuka uku, Gutach da Kirnbach da Reichenbach, suka gaji wata malafa mai suna Bollenhut. Saƙa ta ake yi da karan hatsi, a shafe ta da farar ƙasa, sa'an nan a jera mata tuntaye 14 na ulu, amma 11 kaɗai ido ke gani. Budurwa ja take sawa, matar aure kuwa baƙi. Nauyin malafar yakan kai kilo 2.

Da fari ba wanda ya damu da ita sai mutanen ƙauyukan nan. Amma wani fim da aka yi a 1950 ya nuna ta ga miliyoyin Jamusawa, har ta zama alamar yankin baki ɗaya. Masu sarrafa nama ba su yi sanya ba. Sana'arsu ita ce ƙyafe cinyar alade da hayaƙin itacen dajin. A 1989 suka kafa ƙungiya, malafar nan ta zama tambarinsu, a 1997 kuma Tarayyar Turai ta hana kowa sayar da nama da sunan Baƙin Daji sai wanda aka sarrafa a yankin.

Musulmi dai ba ruwansa da naman alade, amma dabarar cinikin abin dubawa ce. Yawancin aladun ma daga wasu wurare ake kawo naman su. Ashe suna da alama su ne jarin, domin su ke gaya wa mai saye inda kaya suka fito, da wanda zai tuhuma in ya ga aibi.

To, a dubi Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa tun 1996. Motocin shanu suna ratsa garin zuwa Makurɗi da kudu, ribar sarrafa naman kuwa ta tafi tare da su. Mahautan gari, ƙarƙashin Sarkin Pawa, gwanaye ne wajen tsire da balangu da kilishi. Amma matafiyi zai sayi kilishi a ƙunshin takarda, ba suna, ba tambari. In ya ji daɗinsa bai san wanda zai yaba wa ba, in ya ɓata masa ciki bai san wanda zai kama ba. Ta haka gwani da maha'inci suka zama farashi ɗaya.

Maƙwabta sun riga sun farga. Ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa kilishin Nijar rajista da sunan ƙasar, haka ma malafar Sapone ta Burkina Faso. Lafiya kuwa ba ta rasa abin nunawa ba, ga rawani da babbar riga na gidan sarautar Barebari, ga kayan gargajiyar Eggon da Alago da Gwandara.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, tufafin gado suna da masu su, tilas a nemi yardarsu kafin a manna hotonsu a jikin leda. Na biyu, tambari alkawari ne. Kilishin da aka shanya cikin ƙura da ƙuda, ko da zinariya aka yi masa hatimi, sunan garin zai zubar.

Saboda haka ya kamata mahautan Lafiya su haɗa kai, su tsara ƙa'idar tsabta, su nemi lambar hukumar NAFDAC, su zaɓi alama guda wadda duk wanda ya saɓa za a ƙwace masa. Gwamnatin jiha kuma ta taimaka da ruwa da mashanya mai rufi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa masu abin su ji.